Filin Shawara na Gwaggo: Zane da Hoto a Laburare, Ado Ne Ko Shaida?

Wasiƙun wannan makon sun sha bamban da na rikicin aure da na dangin miji da muka saba gani a wannan fili. Huɗu na zaɓo, kuma duk maganarsu ɗaya ce: mene ne matsayin zane da hoto a wurin da ake ajiye ilmi? Da yake a aikin laburare na yi furfura kafin in zauna gida, sai na ga ya kamata in haɗa su in amsa a zama ɗaya.

WASIƘA TA FARKO

Gwaggo, ina gaisuwa tare da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe a sashen nazarin aikin laburare na wata jami'a. Na zaɓi in rubuta kundin kammala digirina a kan zanen da ake yi a bangon gidajen ƙasa na cikin birnin Zariya, yadda za a tattara hotunansu a laburare domin masu bincike. Malamin da ke duba aikina ya dawo mini da takardar, ya ce wannan aikin 'yan sashen zane ne, mu namu littafi da mujalla da intanet. Ya ce in koma in rubuta a kan yadda ɗalibai ke amfani da laburare, abin da rabin ajinmu ke rubutawa. Wallahi Gwaggo har kuka na yi, don kakana magini ne, kuma ina gani da idona ana rushe gidajen da ya ƙawata ana zuba bulo. Shin ni ce na ɓata hanya? In haƙura ne ko in dage?

Jikar magini, daga Zariya

'Yata, share hawayenki, ba ki ɓata hanya ba. Amma kafin in ba ki gaskiyarki, bari in ba malaminki tasa, don yana da ita. Idan takardar da kika miƙa masa ta cika da yabon kyan zane da gwanintar magina, to lallai aikin 'yan sashen zane kika kai masa. Mu ma'aikatan laburare ba a tambayarmu ko abu ya yi kyau. Abin da ake tambayarmu shi ne: me ke cikinsa, wa ya yi shi, yaushe, a ina, kuma ta yaya mai nema zai same shi ba tare da ya sha wahala ba? In kin juya aikinki ya fuskanci waɗannan tambayoyi, babu wanda zai ce ba namu ba ne.

Gardamar ma ba yau aka fara ta ba, kuma manyan fagen naku sun daɗe da yanke hukunci. Tun a 1934 wani ɗan ƙasar Beljiyam mai suna Paul Otlet ya wallafa babban littafinsa kan tattara bayanai, ya sa taswira da hoto da sassaƙa da kayan gidan tarihi a sahu ɗaya da littafi. A 1951 wata ma'aikaciyar babban laburaren ƙasar Faransa, Suzanne Briet, ta kawo misalin da har gobe ake koyar da shi: barewar da ke gudu a daji ba takardar shaida ba ce, amma ran da aka kamo ta aka kai ta gidan namun daji, aka ba ta suna da lamba, masana suka zo suna nazarinta, ta zama shaida. A 1991 Michael Buckland, malami a Amurka, ya sake ɗaga maganar, ya nuna cewa duk abin da mutum zai duba ya ƙaru da sani, to bayani ne, ko da babu harafi ɗaya a jikinsa. Ki nemi waɗannan uku ki karanta. Sannan ki leƙa tsarin jera littattafai da aka koya muku a aji ɗaya: a tsarin Dewey, daga 700 zuwa 799 duk na fasaha ne, 720 na gini, 730 na sassaƙa, 750 na zanen fenti, 770 na ɗaukar hoto. A tsarin laburaren majalisar Amurka, wanda jami'o'inmu da yawa ke bi, harafin N ne gidan zane da sassaƙa da gini. Ashe kin ga tun asali an ware musu ɗaki a gidan.

To bar Turai, dawo gida. Me muka sani game da fuskar Kano kafin zuwan kyamara? Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya shiga Kano a watan Fabrairu na 1851, kuma a cikin littafin tafiyarsa akwai zanen birnin kamar yadda ake hangensa daga kan Dala. Marubutan tarihi na amfani da shi har yau. Amma ga inda ma'aikacin laburare ke da rana: wanda ya ƙarasa zanen don a buga shi wani mai zane ne a Jamus, Martin Bernatz, wanda ba ya cikin tafiyar. Daga ɗan zanen da Barth ya yi da hannunsa ya ɗauka ya cike. In katin bayanin hoton bai faɗi haka ba, mai bincike zai ɗauka duk bishiyar da ya gani a ciki da idon Barth aka gan ta. Haka nan taswirar da Kyaftin Clapperton ya samo daga fadar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello lokacin da ya je Sakkwato a 1824, aka buga ta a Ingila a 1826. Zane ce, amma tana gaya mana yadda masu mulkin Daular Usmaniyya ke kallon ƙasarsu da kogunanta da maƙwabtanta, abin da rahoton baƙo ba zai iya gaya mana ba.

Ga kuma misalin da ke ƙofar gidanku. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Mika'ilu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wajen shekarun 1830 zuwa 1840, daga baya an yi sabon ginin siminti an lulluɓe abin da ya rage nasa. Mai son sanin yadda ainihin ginin yake, da yadda aka ɗaura bakan gizonsa, dole ya koma ga awo da zane da hotunan da masanin ginin nan ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya yi tare da ma'aikatansa 'yan Najeriya. An buga aikin nasa cikin mujalladi uku a 1990, bayan rasuwarsa, kuma akwai kwaikwayon masallacin a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. A kan adon bangon Zariya kansa, Anthony Kirk-Greene ya fitar da ɗan littafi a 1963, Friedrich Schwerdtfeger kuma ya fitar da babba a 2007. Wannan ya kamata ya faranta miki rai, don kina da abin gwadawa. Ki ɗauki gidajen da suka ɗauka a hoto, ki bi unguwa ki ga nawa ne ke tsaye.

Yanzu ga gishirin aikin, inda nake so ki fi daɗewa. Littafi yana zuwa da sunansa da sunan marubucinsa da shekarar bugu a shafin farko, kwafa kawai muke yi. Bango ba ya zuwa da komai. Ke ce za ki ba shi kalmomin da za a neme shi da su, kuma nan ne ake gane gwani. A 1986 Sara Shatford ta raba tambayar gida biyu, tana ɗorawa a kan aikin masanin tarihin zane Erwin Panofsky: akwai abin da ke cikin hoto, akwai kuma abin da hoton ke nufi. Ɗauki bangon zaure da aka zana wa keke da agogo da dagi. Abin da ke ciki ke nan: keke, agogo, dagi. Abin da ake nufi kuwa, maigidan yana shaida wa unguwa cewa ya samu, ya shiga sahun 'yan zamani, a lokacin da mallakar keke abin faɗa ne. Idan mai tsara katalog ya rubuta "ado a bango" ya tashi, to mai binciken tarihin sufuri ba zai taɓa cin karo da hoton ba, mai binciken tarihin fatake da 'yan kasuwa ma haka. Hoton yana nan a kanta, amma ya ɓata.

Sai maganar kalmomi. Manyan kundayen kalmomin fasaha da ake amfani da su a duniya, irin na cibiyar Getty ta Amurka, ba a tsara su da maginin Zariya a zuciya ba. Ke kuwa kina da abin da ba su da shi. Ki zauna da tsofaffin magina, abokan kakanki da yaransu, ki tambaye su sunan kowane zane da kowane sashe na gini: zanko, azara, makuba, tubali, ɗaurin guga, da sunayen da suke kiran zane-zanen a tsakaninsu. Ki rubuta yadda suka faɗa, in biyu sun saɓa ki rubuta duka biyun da sunan unguwar kowa. Wannan jerin kalmomi shi kaɗai ya isa babi guda, kuma tsantsar aikin laburare ne. Sauran bayanin ki zuba shi a tsarin Dublin Core mai gurabe 15, wanda na tabbata kun yi a aji: suna, mai aiki, lokaci, wuri, abin da ya ƙunsa, mai haƙƙi da sauransu.

Kada ki haɗiyi abin da ya fi ƙarfin maƙogwaronki. Unguwa ɗaya ko biyu sun ishe ki, gida talatin ko arba'in da aka yi wa cikakken bayani sun fi ɗari uku da aka ɗauka a guje. Ki fara gaida mai unguwa, ki nemi izinin maigida kafin ki ɗaga waya, kuma ki tsaya a bangon waje da zaure, kada kyamararki ta leƙa cikin gida.

Komawa wurin malaminki kuwa, da ladabi za ki je, ba da tarin sunayen Turawa don ki kunyata shi ba. Ki sake wa aikin suna ya nuna tsara bayani da hanyar nemansa, ki rubuta shafi biyu, ki ce masa: "Malam, na yi tunani a kan gyaran da ka yi mini, ga yadda na juya shi, a duba mini." Malamai da yawa tsoronsu kada ɗalibi ya ɗauko abin da zai maƙale a tsakiya lokaci ya ƙure. In ya ga kin san iyakar aikinki, ina kyautata zaton zai sa hannu. In kuma ya tsaya a kan bakansa, ki yi abin da ya ce ki karɓi digirinki, amma ki ci gaba da ɗaukar hotunan nan duk Asabar. Digiri na biyu na nan tafe, gidajen ne ba za su jira ki ba.

WASIƘA TA BIYU

Gwaggo, barka da aiki. Mahaifinmu mai ɗaukar hoto ne, ya riƙe shago tun kafin a haife ni har ƙarfinsa ya ƙare. Allah ya yi masa rasuwa bara. Ya bar akwatunan ƙarfe biyu cike da hotuna da dodon hoto: na suna, na aure, na hawan salla, na 'yan makaranta, na 'yan siyasa. Yayana ya ce a ƙone su, don akwai hotunan matan mutane a ciki kuma ba ya son alhaki. Ƙanena ya ce wani mai sayen tsofaffin kaya ya taya. Ni kuwa zuciyata ba ta yarda da ko ɗaya ba, amma ban san me zan yi da su ba, ga gara ta fara shiga ɗaya akwatin.

Ɗanki, daga Gusau

Ɗana, Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa ya huta, ya ba ku haƙurin rashinsa. Zuciyarka ta gaya maka gaskiya. Abin da ke cikin akwatunan nan tarihin garinku ne na shekaru masu yawa, irin wanda babu ofishin gwamnati da ya rubuta: yadda ake ɗaura ɗankwali, irin aikin wuyan riga, aska biyu ce ko aska takwas, irin kwanukan jeren amarya, fuskar titin kasuwa kafin a faɗaɗa shi.

Amma fara da abin da ya fi hotunan muhimmanci, wato zumunci. Kayan nan gado ne, kowane magaji na da haƙƙi a ciki, har 'yan'uwanku mata da mahaifiyarku in tana raye. Kada ka kwashe su a ɓoye. Ka tara su ka nemi a ba ka wata shida, kada a ƙone kada a sayar, ka ga abin da za ka iya yi. Kuma kada ka raina damuwar yayanka, mutumin kirki ne ya yi wannan tunani. Matar da ta shiga shagon mahaifinku ta zauna gaban kyamara, don mijinta da danginta ta yi, ba don duniya ta gani ba. Maganin wannan ba wuta ba ne. A ware irin waɗannan hotuna daban, a rufe su, kada a sa su a Facebook ko WhatsApp, in an gane mai hoto a mayar wa iyalinta. Manyan wuraren ajiya ma haka suke yi, suna da kayan da ba a buɗe wa kowa.

Aikin gaggawa shi ne gara. Yau ɗin nan ka fitar da komai daga akwatin da ta shiga, ka share da busasshen buroshi mai laushi, ka ɗora kayan a kan katako ko kanta nesa da ƙasa da jikin bango, a ɗakin da ba ya yoyo kuma rana ba ta dukansa. Kada ka fesa maganin ƙwari a kan hoto. Kada ka kai a yi musu laminatin, don zafi da gam ɗin suna cin hoton kuma ba a iya warwarewa. Waɗanda suka manne da juna ka bar su yadda suke, kada ka ɓamɓare. Ka riƙa kama hoto ta gefe da hannu mai tsabta. Dodon hoton da ka ji yana tsami kamar ruwan kal, ya fara lalacewa ke nan, ka raba shi da sauran don yana shafa musu. In mahaifinku ya jera kayan a ambulan da lamba ko kwanan wata, kada ka wargaza jerin ko da ka ga kamar bai yi tsari ba. In kuma akwai littafin da yake rubuta sunayen masu zuwa ɗaukar hoto, to wannan littafi shi ne mabuɗin akwatunan duka.

Abin da ya fi gara gaggawa kuwa shi ne tsofaffi. Hoton da babu wanda ya san ko wane ne a ciki, ko a ina, ko yaushe, ya yi asarar fiye da rabin amfaninsa. Ka zauna da mahaifiyarku, da yaran shagon da suka koyi aiki a hannunsa, da dattawan unguwa, kana nuna musu kaɗan kaɗan, ashirin ko talatin a zama, kada ka gajiyar da su. Ka kunna rakodar waya da izninsu. Kowane hoto ka ba shi lamba a bayansa da fensir mai laushi, ban da biro, sannan ka rubuta bayanin a littafi daban.

Inda aka rasa mai tuna shekara, hoton kansa zai taimake ka. In ka ga motoci na tafiya ta hannun hagu, kafin Afrilun 1972 ne, don a lokacin Najeriya ta koma hannun dama. In allon shago ya nuna farashi da fam da sule, kafin Janairun 1973 ne, lokacin da naira da kwabo suka shigo. In ga mai kakin yi wa ƙasa hidima, ba zai gabaci 1973 ba. Takardar naira ashirin mai hoton Janar Murtala sai daga 1977. Ka duba kalandar da ke rataye a bango, da fastar jam'iyya, da lambar mota. In ba ka tabbata ba ka rubuta "wajen shekara kaza", kada ka ƙaga rana.

Bayan haka sai a ɗauke su a kwamfuta da na'urar sikana, a kan ma'aunin dpi 600 ga hotuna, dodon hoto kuwa yana son fiye da haka. A ajiye kwafi uku, ɗaya a wani gida daban. Kuma sikanin ba dalilin zubar da na asali ba ne.

In kun ga riƙon ya fi ƙarfinku, akwai masu wannan aiki: Arewa House a Kaduna, wadda aka kafa a 1970 a gidan marigayi Sardauna, tana ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ga reshen taskar adana takardun tarihi ta ƙasa a Kaduna, ga cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, wadda ta fi kusa da ku. Babban laburaren Birtaniya ma yana da shiri tun 2004 na tallafa wa ceton irin waɗannan kaya, inda ake ɗaukar kwafi a bar na asali a ƙasarsu, amma ta hannun masu bincike ko wata cibiya ake nema. Duk inda za ku kai, ku je ku ga ɗakin ajiyar da idonku, kuma a rubuta yarjejeniya: kyauta ce ko ajiya, wa ke da izinin bugawa, waɗanne ne a rufe, kuma a riƙa ambaton sunan mahaifinku a duk inda aka yi amfani da hotonsa. Mai sayen tsofaffin kaya kuwa, ɗaiɗaya su zai yi, ya sayar da masu kyau ɗaya ɗaya ya watsar da saura. Ka gaya wa ƙanenka kuɗin da zai samu ba za su kai ƙarshen wata ba.

WASIƘA TA UKU

Gwaggo, ni malamar tarihi ce a makarantar sakandare, kuma ni ke riƙe da ɗan laburarenmu. Wata ɗaliba ta kawo mini hoto daga waya, an ce na Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ne, tana so a manna a bango. Na ce zan bincika. Yaya zan yi?

Ƙanwarki, daga Bauci

Ƙanwata, kin kyauta da ba ki manna ba, kin kuma kyauta da ba ki kore ta ba. Shehu ya rasu a 1817. Ba a bayyana wa duniya fasahar ɗaukar hoto ba sai 1839 a birnin Faris, shekara 22 bayan rasuwarsa. Saboda haka duk hoton kyamara da aka ce nasa ne, na wani bawan Allah ne daban. Haka ma Sarauniya Amina ta Zazzau: duk siffarta da kike gani a littafi ko kalanda, mai zane ne ya ƙiyasta.

Maimakon ki gaya wa yarinyar amsa, ki mai da abin darasi. Ki rubuta shekarun nan biyu a allo ki bar ajin su gano da kansu. Sannan ki koya musu tambayoyin da ake yi wa kowane hoto: wa ya ɗauka ko ya zana, yaushe, don wa, a ina aka fara ganinsa? Ki nuna musu yadda ake saka hoto a Google Lens a ga inda ya taɓa fitowa. Yanzu da kwamfuta ke ƙirƙiro hoton da ba a taɓa ɗauka ba, har da tabon tsufa a jikinsa, yaran nan sun fi mu buƙatar wannan tarbiyya.

Zanen ƙiyasi kuwa ba abin yarwa ba ne, muddin an rubuta a ƙasansa cewa ƙiyasi ne. Zanen Amina a kan doki da takobi ba ya gaya mana kamanninta, amma yana gaya mana yadda mutanen zamanin da aka zana shi ke son su tuna da ita, wannan ma abin sani ne. Don haka nake roƙon masu laburare su daina zubar da tsofaffin kalandu da fastocin zaɓe da bangon littattafan soyayya na kasuwar Kano. Ki samu babban fayil ki fara tarawa, kina rubuta ranar da kowanne ya shigo hannunki da inda ya fito.

WASIƘA TA HUƊU

Hajiya Gwaggo, ina aiki a laburaren ƙaramar hukuma. An kawo mana littattafai kyauta, a ciki akwai masu hotunan mutum-mutumin Nok. Wani dattijo mai zuwa karatu ya ce gumaka ne, bai kamata su zauna ɗaki ɗaya da littattafan addini ba. Abin ya tsaya mini a rai, har ina tunanin in yage shafukan.

Ma'aikacin laburare, daga Jigawa

Malam, kada ka yage. Littattafan amana ce a hannunka, ba mallakarka ba. Hukuncin hoto da mutum-mutumi magana ce da malamai suka yi bayani a kanta da faɗi, suka bambanta sassaƙa da hoton takarda, suka bambanta abin da ake girmamawa da abin da ake karatu da shi. Ka je wurin malamin da ka yarda da iliminsa ka faɗa masa yadda abin yake daidai: hoto ne a cikin littafin tarihi, a rufe a kanta, ɗalibai ke buɗawa don jarrabawa da bincike. Dattijon kuma a girmama shi. Tsarin jera littattafai ma ya riga ya raba muku gardama, don addini na 200, fasaha na 700, tarihi na 900. Ka sa tazara tsakanin kantocin, ka nuna masa.

Dalilin da ya sa ba za a rasa su a laburare ba shi ne, mutanen Nok ba su bar rubutu ba. An fara tono kayansu a 1928 wajen haƙar kuza kusa da ƙauyen Nok a kudancin Kaduna ta yau, a 1943 aka kai wa wani Bature mai suna Bernard Fagg wani kan mutum-mutumi da aka samu a Jama'a, shi ne ya gane cewa al'umma guda ce ta yi su, kuma shi ya buɗe gidan tarihi na Jos a 1952. Daga waɗannan siffofi na yumɓu muka san irin kitso da duwatsun wuya da adon mutanen da suka zauna a ƙasar nan fiye da shekara 2,000 da suka wuce. A jiharku ma ga zanen shanu a kan duwatsun Birnin Kudu, a Nijar ga raƙuman dawa da aka sassaƙa a dutsen Dabous cikin yankin Ayar, babban ya haura mita 5, shaidar cewa inda yake hamada yau dā akwai ciyawa da ruwa.

Kuma in kana son ka jawo dattijon nan jiki, ka tambaye shi ko gidansu akwai tsohon Alƙur'ani rubutun hannu. Zayyanar da ke raba hizifi da rubu'i, da launin tawada, da salon rubutun, su ne masana ke dubawa su gane ko na Barno ne ko na ƙasar Hausa. In aka ɗaga takardar a hasken rana, sau da yawa za a ga tambarin jinjirin wata uku a cikinta. Takardar Italiya ce, da yawanta daga masana'antar gidan Galvani, fatake suka ƙetaro Sahara da ita ta Tarabulus da Masar, kuma da wannan tambari ake ƙiyasta shekarun littafin da marubucinsa bai sa kwanan wata ba. In ya yarda, ka roƙe shi ku duba tare, da alwala da hannu mai tsabta, ka rubuta masa bayanin a takarda daban ya ajiye cikin gafakar: sunan wanda ya rubuta in an sani, garin da aka rubuta, da hannun da ya bi kafin ya iso gare shi.